Shekarar Bizne

'Yar'uwarka Hannatu ta kunna mini wa'azinka a waya, Fasto, ranar da ta zo yi mini kitso. Muryarka ta yi kauri irin ta babanku, na kuma ji daɗin yadda jama'a suke amsa maka. Amma da ka iso kan labarina, ka ce wai a shekarar yunwa uwarka ta ɗauki irin geronta na ƙarshe ta fita gona tana waƙar yabo, ta shuka a busasshiyar ƙasa, kafin rana ta faɗi Allah ya sako ruwa, sai na ce wa Hannatu ta dakata da kitson, don dariya ta hana ni riƙe kaina. Wace ce wannan baiwar Allah? Ina so a haɗa ni da ita, ko ta sam mini kaɗan daga bangaskiyarta. Ba ƙarya ka yi ba, lokacin kana yaro, abin da ka ji ne ka maimaita. Sai dai an yi wa labarin kwalliya har mai shi ba ta gane shi ba. Ruwa bai zo ran nan ba, ni kuma ban yi waƙa ba. Tunda yanzu ku ma kuna cikin taku shekarar, 'yan bindiga sun raba mu da gonaki da garin haihuwa, gara ku ji yadda aka yi daga bakin wadda ta rufe ramukan da diddigenta.

A lokacin muna zaune a ƙauyenmu na gabas da Gangara. Gida uku ne kawai masu bin Almasihu, kuma dukanmu hanya ɗaya ta kawo mu, wato asibitin kutare na mishan. Ni can na tashi saboda jinyar mahaifina, can na koyi karatu. Babanku ya je can yana saurayi, ya dawo da lafiyarsa, da sabuwar bangaskiya, da yatsu biyu na hannun dama da suka guntule. Ba mu da ɗakin sujada. Ranar Lahadi ƙarƙashin wani gawo muke taruwa a bakin gonarmu. Mahaifiyar babanku, Kaka Tumba, tana nan kan Musuluncinta har ta koma ga Allah, kuma a gidanmu take zaune, butarta da carbinta a ƙofar ɗaki. Ba ta taɓa hana mu ba, amma bakinta bai taɓa ƙyale mu ba. In ta ga mun ɗauki tabarmi za mu sujada sai ta ce:

"Ku dai gawo na. Kowane icce na ganye da damana, ku sai da rani. Duniya ta yi gabas, ku kun yi yamma."

Daga nan ta laƙaba mini Gawo, kuma in ta kira ina amsawa.

Daminar da ta gabaci wannan shekara ta yanke ne gero yana da ciki, abin da muka girbe bai taka kara ya karya ba. Kafin sanyi ya wuce rumbu ya koma ɗakin ƙadangaru. Muka koma kan dusa da ganyen yaɗiya da anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Hatsi ɗaya ya rage a gidan, shi ne iri. Babanku ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau, na sussuke, muka ɗura a wata babbar gora, ya liƙe bakinta da laka, aka ajiye a kusurwar ɗakina. Ƙanwarku Ladi, wadda ba ta daɗe da yaye ba, ita ta gano gorar tana magana. Sai ta lallaɓa ta mirgina ta, geron ya yi shuuu a ciki, ta kara kunnenta, ta buɗe ido ta ce:

"Ruwa! Ruwa ya zo!"

Har yau in na tuna bazarar nan ba na iya raba abin da na gani da abin da na yi mafarki. Yunwa tana da wani irin maye. Da rana tsaka sai in ji luguden daka daga gidajen da na san ba su da abin dakawa. In na duba jigawa sai in ga ruwa ya kwanta fari fat har gindin sama, raƙuman fatake masu zuwa Nijar suna tafiya a kansa ƙafafunsu ba su taɓa ƙasa. Na san kawalwalniya ce, amma nakan tsaya in kalla, don ita kaɗai ce abu mai sanyi a garin. Cikin wannan hali baƙon dauro ya shigo ƙauyen. Ku biyu kun yi, kun tashi. Ladi ba ta da jikin da za ta yi kokawa da shi. Ta tafi ana saura 'yan kwanaki Idin Tashin Almasihu, a kan cinyata, da hantsi, ba ko kuka. Ba mu da maƙabarta, sai aka yi mata wuri a bakin gona kusa da gawon. Maƙwabcinmu Malam Nomau shi ya karɓi magirbi daga hannun babanku ya haƙa, don ƙasar ta yi tauri, hannun babanku ba zai iya ba. Allah ya saka wa wannan mutum da alheri.

Daga ranar na daina addu'a. Ku fahimce ni da kyau, ban ce babu Allah ba. Ai ba a gaba da wanda babu shi. Gaba na ɗauka da shi, irin wadda mata suke yi a gida ɗaya, a yi shekara ana wuce juna a tsakar gida ba ko sannu. Ranar Idi na bi su gindin gawo, ana waƙar tashi daga matattu, ni ina kallon tudun ƙasar da bai gama bushewa ba, bakina a ɗinke. Masu gaisuwa suka yi ta zuwa, Musulmi da Kirista, kowa da kalma ɗaya a bakinsa, haƙuri, haƙuri, har na tsani kalmar. In babanku ya sunkuyar da kai zai yi godiya a kan ƙwaryar anza, sai in tashi in ce zan duba akuya, alhali akuyar mun daɗe da rabuwa da ita. Shi kuwa sai ya ci gaba da addu'arsa. Kaka ce ta tare ni wata rana ina tsince ganye.

"Gawo, kwana biyu ban ji waƙe-waƙen ga naku ba. Ko kin komo hanya ta?"

"Gaba nika yi, Inna."

"Da wa?"

Na ɗaga haɓa na nuna sama. Ta saki carbi ta kama baki.

"Subhanallahi! Ke ko ina kika kwana in ba cikin gidanai ba? Ruwan wa kika sha?"

Na ci gaba da tsince ganyena, ita kuwa ta daɗe tana kallona.

Bazara ta yi nisa. Hadari yakan taso ta wajen Burkusuma da la'asar, ya yi baƙi, ya yi gurnani, iska ta kwashe shi. Wuyanku ya zama kamar sillen kara, kai Fasto har ka daina ƙiriniya, abin da duka bai taɓa sa ka yi ba. Ni kuwa idona yana kan gorar nan. Na gama shawara a raina zan fasa bakinta in surfa geron in dama muku kunu, ko na 'yan kwanaki ne, in ga kun ƙoshi sau ɗaya. Ran nan da yamma babanku ya dawo daga duba gona, ya zauna bakin ƙofa ya ce:

"Rahila, gobe za mu yi bizne."

Ku da kuka yi karatu a birni binne kuke cewa, mu a Gobir bizne muka sani. Kalmar kuwa aiki biyu take yi. Ita ake faɗa in an sa mamaci a ƙasa. Ita kuma ake faɗa in manomi ya shuka gero a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don ruwan farko ya tarar da iri yana jiransa. Mai bizne ya sayi kasada. Gara tana iya cinye irin, ko ɓera, ko fakara. Mafi muni kuwa a yi ɗan yayyafi, ya tsiro, rana ta ƙone shi. Amma babanku yana da dalilinsa. Jigawarmu ba ta riƙe laima, in an yi ruwa yau jibi ta bushe, shi kuma da hannunsa ba zai gama shuka kafin nan ba, kowa kuma yana tasa gonar. Geron da bai kama ruwan farko ba, in damina ta sake yankewa da wuri, bara ce za ta maimaita kanta. Duk na san wannan. Amma abin da kunnena ya ji daban.

"Na yi biznena na bana," na ce masa. "Ba ni ƙara wani."

"Gero nika nuhi."

"Na san abin da kaka nuhi. Ƙasar ga ta ci mani ɗiya, yanzu in kai mata abincin sauran? Dubi wuyan yaran ga!"

"Ina ganin su. In munka sha shi yau, da mi za mu tarbi ruwa?"

"Wane ruwa?"

Ya murza guntayen yatsunsa. Can ya ce ba zai tilasta mini ba, gorar a ɗakina take, turmi yana tsakar gida, gona tana inda na san ta, in zaɓa. Wallahi da ya yi mini tsawa da ya fi mini sauƙi. Kaka tana gefe kan buzunta kamar ba ta ji, sai ta yi gyaran murya.

"Ni dai ku ɗebe ni cikin masu ci. Ramuwar azumi gare ni tun ta ƙuruciya, yanzu za ni biya ta."

Na yarda da maganarta, ko in ce na ga dama in yarda.

Da safe na ɗauko gorar na nufi turmi. Ina sauke ta daga kaina ta karkace, geron ya zubo gefe ɗaya a ciki, ya yi shuuu. Na tsaya cak. Na ji kamar yarinyar tana bayana ta kara kunne. Hannuna ya ƙi ɗaukar taɓarya, don na ga ba zan iya daka ruwan Ladi ba. Sai kuma wani fushi ya taso mini tun daga tafin ƙafa. Na ce a raina, to, tunda karɓa yake so, bari in kai masa duka, in ga abin da zai ce kuma. Da wannan zuciyar na tafi gona, Fasto. Ka ga akwai waƙar yabo a ciki?

Babanku yana gaba da sungumi, ya ɗaure ƙotar a wuyan hannunsa da tsumma don kada ta suɓuce. Yana sara rami, ni ina biye, in ɗebi gero da yatsu uku in jefa, in ja ƙasa da diddige in taka. Ƙasar tana da zafi tun da hantsi, ƙura ce kawai take tashi. Rami na farko na yi shiru, na biyu ma haka. Ban san inda bakina ya ɓalle ba. Na dai ji muryata tana fita, da ƙarfi, kamar ta wata.

"Ga shi, karɓi. Ka karɓi Ladi, karɓi wanga ma. Mi tay yi maka? Yarinyar da ko sunanka ba ta iya hwaɗi daidai ba! Mun bar dangi don kai, ana yi muna dariya don kai. Ga kunun Hannatu, karɓi. Ga na yaron ga, karɓi. In kana gani, gani. In kana ji, ji!"

Kowane rami da tasa maganar. Na tono abin da ya fi shekara ashirin, ciwon mahaifina, yatsun babanku, cikin da na yi ɓari, duk na zuba masa. Gonar ta yi ta rawa cikin zafi, ruwan ƙaryar nan ya malalo har ya kusa taɓa ƙafata, kuma a cikinsa na ga Ladi tana tafe gaban babanku da ɗan tumbinta, tana tsallake ramukan ɗaya bayan ɗaya, ba ta waiwayo ba. Ban ji tsoro ba, na bi ta kawai ina jefawa ina takawa ina faɗa. Muka yi ta kai da kawowa har gorar ta yi sakayau a hannuna. Layin ƙarshe ya ƙare a gindin gawo, dab da kabarin. Na girgiza gorar, ba sauran sauti. Muryata ta dushe. Sai babanku ya jingina sungumi, ya cire hularsa, ya sunkuyar da kai ya ce:

"Amin."

Na ji kamar in kwaɗa masa gorar.

"Amin ɗin mi? Ba addu'a nika yi ba, hwaɗa nika yi!"

"To da wa?"

Ya mayar da hularsa, ya ci gaba:

"Mai gaba ba ya hwaɗa, Rahila, shiru shika yi. Tun hantsi kina magana da shi. Ubangijinmu ma da ciwo ya kai mai wuya bisa gicciye, ba waƙa yay yi ba, kuka yay yi ga Uba. Kuma shi ma bizne shi anka yi."

A nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da aka rufe ta. Babanku ya bar ni na yi har na gaji, sa'an nan ya ɗauki gorar muka koma gida.

Ruwa bai zo ran nan ba, bai zo a makon ba. Mutanen gari suka fita roƙon ruwa, Malam Nomau ya leƙo ta kan danga ya ce mu ma mu ja ta wajenmu, igiya ba ta ƙin hannu biyu. Abin da ya fara zuwa shi ne abin da muke tsoro, ɗan yayyafi. Geron da ke kwarin gona ya tsiro kore shar, muna kallo rana ta ƙone shi. Na je gindin gawo na sake buɗe wani sabon faɗa. Kullum sai na je. Wani lokaci faɗa, wani lokaci roƙo, wani lokaci in zauna kawai in ce masa ga ni. In gyangyaɗi ya ɗauke ni a inuwar nan sai in ga kaina a ƙarƙashin ƙasa, wurin da sanyi, ƙwayoyin geron suna kwance kowace a ɗakinta suna numfashi a hankali, Ladi tana barci a tsakiyarsu ta yi matashi da hannunta. Nakan farka da ƙasa a kumatuna, zuciyata ta ɗan yi sauƙi, in tashi in tafi neman ganye.

Duk wannan lokacin Kaka tana azuminta. In rana ta faɗi sai ta kurɓi ruwa, ta taɓa anzar da na zuba mata, ta kira ku ta ce ku taya ta, haƙoranta ba su iyawa. Ina gani. Na yi mata magana sau ɗaya, ta ce in bar ta da Ubangijinta tunda ni ma ta bar ni da nawa. Ranar da ruwan gaske ya sauka ba ta iya tashi, sai babanku ya ɗauko ta ya zaunar a bakin ƙofa. Ta miƙa hannu waje, ruwan yana zuba a tafinta, ƙamshin ƙasa ya cika gidan, ku kuna tsalle tsirara a tsakar gida. Ta juyo ta dube ni.

"Gawo, kun shirya da shi?"

"Muna dai hwaɗa, Inna."

"To madalla. Ai hwaɗa da na gida aka yin shi."

Geron tudu ya tashi gaba ɗaya, tun maƙwabta suna neman sungumi namu ya yi kunne. Amma Kaka ba ta ci tumunsa ba. Ta rasu gero yana kai gwiwa. Mutanenta suka yi mata wanka da salla, ni ina bayan danga ina yi mata tawa addu'ar. Bizne na uku ke nan a shekara ɗaya. Da kaka muka cika rumbu har muka ba waɗanda nasu bai nuna ba, kai kuma ka ci tumu har cikinka ya ɓaci, wannan kam na san ba ka sa shi a wa'azi ba.

Tambaya ɗaya ta bi ni har tsufa. Da na surfa geron nan na dama kunu, da Kaka ta kai kaka? Wataƙila. Wataƙila kuma da dukanmu ba mu kai baɗi ba. Ni na zaɓa, ita ta biya, ku kuka rayu. Duk shekara in hadari ya fara tasowa sai na sake yi wa Allah wannan tambaya, da ta Ladi. Bai ba ni amsa ba har yau, ni kuma ban daina tambaya ba, kuma ban sake ɗaukar gaba da shi ba, ko ranar da muka rufe babanku, ko ranar da muka baro ƙauye da abin da ke jikinmu. Iyakar abin da na sani game da wahala ke nan. Mutanen da suke zama gabanka ranar Lahadi, Fasto, wasu an kashe musu, wasu nasu suna daji ba labari. In ka ce musu uwarka ta yi waƙa, wadda ta kasa waƙa za ta koma gida tana ganin Allah ba ya son irinta. Ka gaya musu gaskiya. In waƙa ta ƙi fita, su yi kuka. In kuka ya ƙi, su yi faɗa, yana da faɗin ƙirjin da zai ɗauka. Shirun nan ne kawai nake yi musu tsoro.

Gorar tana nan ƙarƙashin gadona a ɗakin da muke haya a garin Isa. Ita na ɗaure a zane ranar gudu, cike da jikokin geron nan, don duk shekara daga cikinsa muke fitar da iri. Jikar Hannatu ta gano ta, takan mirgina ta ta kara kunne, ni kuwa in kau da kai. Ranar da hanya ta buɗe ku kai shi gona, ko ina nan ko ba na nan, kada ku jira sai kun ga hadari.

Sai abu na ƙarshe, kai nake wa. Ranar da tawa ta zo, na san za ka tsaya gaban jama'a da babbar riga da manyan kalmomi. Kada ka ce an yi jana'iza, kada ka ce an rufe ta. Ka faɗa da bakin Gobir, ka ce yau mun yi bizne. In wani ya tambaye ka yaushe ruwan zai zo, ka ce masa ba ka sani ba, uwarka ma ba ta sani ba, amma ba a yin bizne inda ba a sa ran ruwa.